Baba Zarto da Hasken da Ke Yanka Ƙarfe

A sashen injiniya na jami'ar, can bayan azuzuwa, akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano da ake kira ɗakin injuna. Duk ɗalibin da ya zana abu a takarda yana son ya gan shi a ƙarfe, nan zai zo, kuma wanda zai tarar a teburin farko shi ne Baba Zarto. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye gemunsa, tafin hannunsa kuwa ko an wanke da sabulu sai ka ga baƙi a layukansa. Sunan Zarto ya samo shi tun yana sabon ɗauka, lokacin da aikinsa bai wuce yanka sandunan ƙarfe da zarton hannu ba. Baban daga baya shekaru suka ƙara masa.

Karatunsa bai yi nisa ba. Ya bar makaranta ya koyi walda a wurin kawunsa, daga nan ya sami aikin lebura a jami'a, yana shara yana leƙen masu aiki, har ya zama babu injin da bai iya ba a ɗakin. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tambaya. Yayarsa takan ba da labari cewa tun yana ƙarami ya taɓa fasa kwaɗon ƙofar gidansu don ya ga abin da makulli ke taɓawa a ciki. Aka zane shi, yana kuka yana tambayar wa ya jera ƙananan ƙarafunan nan a ciki. Girma bai raba shi da halin ba. In ɗalibi ya kawo zane, ba zai taɓa ƙarfe ba sai an gaya masa me abin zai yi, me ya sa ramin yake nan ba can ba, me zai faru in an rage kauri. Ɗalibai sukan ce aikin Baba kyauta ne, amma da baki ake biya. Shi kuwa ba don ya ƙure kowa yake yi ba. In an ba shi amsa sai ya gyaɗa kai ya ce yau ma ya ƙaru, in ba a sani ba sai ya ce a tambayo masa malami.

Abu na biyu da aka san shi da shi shi ne tsumma. Kullum yana rataye a aljihun bayan rigar aikinsa, jiƙe da man inji. Da an kusa tashi, sai ya bi injuna ɗaya bayan ɗaya yana goge su, ya shafe duk inda ƙarfe yake tsirara don kada tsatsa ta sami wurin zama. Haka kawunsa ya koya masa, haka ya koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma shaidar tana nan: akwai injuna a ɗakin da suka girmi wasu malaman sashen, har yau suna juyawa ba tari. A gida ma bai bar kowa ya huta ba. Matarsa tela ce, kuma ta daɗe da hana shi kusantar kekenta tun ranar da ya ɗiga mata mai ya bi zare ya ɓata farin yadin mutane. Ta ce da zai sami dama, ita ma sai ya shafa mata a gwiwa.

Ya ce, "Ai da kin daina ƙara in za ki tashi."

Wata rana Farfesa, shugaban sashen, ya shigo ɗakin injuna tare da Dakta, wata matashiyar malama da ke bincike a kan yadda ake yanka ƙarfe. Ya ce jami'a ta amince a sayo na'urar lesa, irin wadda manyan masana'antu ke amfani da ita, kuma ana so Baba Zarto ya yanko faranta daga ƙarfe iri ɗaya, masu kauri ɗaya, za a aika wa kamfanonin da ke neman cinikin, kowa ya yanka da tasa na'urar a ga aikinsa. Baba Zarto ya ce an gama, ranka ya daɗe. Sannan ya tambaya wane irin haƙori gare ta.

Dakta ta ce ba ta da haƙori, da haske take yanka.

Ya ɗauka wuta take nufi, irin ta gas da yake yanka da ita, sai ta ce a'a, haske dai. Ana tara shi ne a matse shi wuri guda, ƙasa da tsinin allura, har ya narkar da ƙarfen, sannan iska mai ƙarfi ta hure narkakken ta ƙasa. Ya tambaya ko hasken yana dakushewa kamar zarto, ta ce a'a. Ya tambaya wane launi ne, ta ce ba shi da launin da ido ke gani.

"Haske ne, kuma ba a ganinsa?"

"Ba a ganinsa, Baba. Amma in ya shiga ido, ya tafi da idon."

Ranar nan ya yanka farantan bai yi wa kowa magana ba. Dogo, abokin aikinsa, magidanci mai son raha wanda ya iya kwamfuta, ya ce lallai abin nan babba ne, tunda ya sa tsoho ya yi shiru tun bai iso ba.

Sayen bai zo da sauƙi ba. An kafa kwamiti, kwamitin ya yi ta zama. Farfesa yana son mafi ƙarfi, wadda za ta ratsa ƙarfe mai kaurin tafin hannu, don in baƙi sun zo a nuna musu. Dakta ta ce ita ba ƙarfi take nema ba, tana son wadda za ta bar ta ta canza gudu da ƙarfin haske da matsin iska yadda ta ga dama, don bincike shi ne ka canza abu ɗaya ka ga me zai biyo baya. Masu kula da lantarki suka ce in aka sayo ta Farfesa, ranar da aka kunna ta sai rabin jami'a ya koma duhu. Duk wannan Baba Zarto yana jinsa ne daga bakin Dakta, domin ba ta isa ta gifta ƙofar ɗakin ba bai tare ta ba.

Da farantan suka dawo, aka baje su a teburinsa. Wani kamfani ya yanka taurari, wani ya yanka zagaye cikin zagaye, wani kuma ya fitar da rubutu siriri kamar da alƙalami. Baba Zarto ya ɗauki ɗaya ya bi bakinsa da babban yatsa, yana jiran kaushin da ya saba ji, wanda yakan ɓata rabin yini yana gogewa. Bai ji komai ba. Ya ɗaga shi saitin taga, ya ga wasu ƙananan layuka a jikin yankan, a jere, sun ɗan karkata ta ƙasa. Ya tambayi Dakta me ya kawo su, ta ce wannan doguwar magana ce, sai na'ura ta zo.

A ƙarshe aka tsaya a kan matsakaiciya. Cikin sharuɗɗan cinikin, kamfanin zai horar da mutum ɗaya daga ɗakin injuna, shi zai riƙe na'urar, shi kaɗai zai riƙa kunna ta. Mutum ɗaya, kuma su biyu ne: Baba Zarto da Dogo.

Tunda ya fara aiki, Baba Zarto bai taɓa zuwa ofishin shugaba neman wani abu don kansa ba. Wannan karon ya wanke hannu, ya cire rigar aiki, ya hau bene. Ya gaishe da Farfesa, ya tambayi iyali, sannan ya ce shi dai yana so a ba shi na'urar nan. Farfesa ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce ba a musun aikinsa, amma ritayarsa ta kusa, kuma na'urar ba ta jin magana sai ta kwamfuta.

"Ranka ya daɗe, na yanka ƙarfe da zarto, na yanka da wuta, na yanka da dutse. Ba na so in tafi gida in zauna ban san yadda haske ke yi ba. Kwamfutar kuma zan koya."

Farfesa ya yi ɗan murmushi. Ya ce to, ya je ya koya, in an kafa na'ura za a duba. Bai yi alkawari ba, amma yadda ya raka shi har bakin ƙofa ya sa Baba Zarto ya sauko benen da sauri kamar saurayi.

Daga ranar, lokacin hutun rana ya koma na kwamfuta. Dogo ne malamin, duk da ya san kujera ɗaya suke nema. Yakan ce, "Tsoho, danna kawai za ka yi, ba ƙusa kake bugawa ba." Baba Zarto yana danna da yatsa ɗaya, harshe a waje, yana tambayar ina zanen yake tafiya in an kashe allo. A hankali ya iya zana murabba'i, ya iya huda rami a tsakiyarsa, ya iya ajiye shi ya sake nemo shi washegari. Matarsa ta ce ko cikin barci yatsansa yana motsi. Ta tambaye shi wai me zai samu in an ba shi, ƙarin girma ko me. Ya ce ba ko ɗaya. Ta ce to ta gane, kwaɗon gidansu ne ya dawo da girma.

Kafin na'ura ta iso, aka yanke wani ɓangare na ɗakin injuna aka yi mata ɗakinta: bango fari, ƙasa mai santsi, na'urar sanyaya ɗaki, ƙofa mai roba a gefe don kada ƙura ta shiga. Dogo ya ce ko ofishin Farfesa bai sami wannan gata ba. Na'urar ta zo a cikin ƙaton akwatin katako, motar ɗaga kaya ta sauke ta, aka tura ta a kan bututu ana ja ana tsayawa. Tare da ita kamfani ya turo injiniyansa, wani siririn mutum marar yawan magana, wanda yakan ci abincinsa a cikin mota. Ya yi kwanaki yana haɗa wayoyi da tukwanen gas da injin sanyaya ruwa, Baba Zarto yana biye da shi yana miƙa masa kayan aiki tun bai nema ba, yana tambaya. Injiniyan yakan amsa ɗaya ya bar uku.

Na'urar kamar ƙaramin ɗaki take, da ƙofa da taga mai koren gilashi. A ciki akwai shimfiɗa mai haƙora inda ake ɗora faranti, sama da ita kuma kan na'urar, wanda yake yawo gaba da baya, da ɗan tsinin jan ƙarfe a ƙasansa. Ta nan hasken yake fitowa. Da la'asar ɗin da aka gama haɗawa, injiniyan ya ce gobe da safe za a gwada a gaban kwamiti, ya tattara jakarsa ya tafi.

Lokacin tashi ya yi, Baba Zarto ya zaro tsummansa ya fara zagayen da ya saba. Makullan ɗakin injuna duk a hannunsa suke, har da na sabon ɗakin. Da ya gama da tsofaffin, sai ya ga bai dace a ce baƙuwa ta kwana ba a kula ta ba. Ya buɗe ya shiga. Ya goge dogayen ƙarafunan da kan yake gudu a kansu, ya goge hannun ƙofa. Sannan ya tsaya yana kallon kan. A gefensa akwai wani ɗan murfi da ya ga injiniyan ya buɗe sau ɗaya ya rufe da sauri. Ya ce a ransa kallo kawai zai yi. Ya buɗe, ya jawo wata 'yar durowa da ba ta fi akwatin ashana ba. A cikinta akwai gilashi zagayayye, garai kamar ɗigon ruwa.

Ya ɗaga shi saitin fitila. Ashe ta nan abin yake bi. Ya leƙa ta ciki ya ga bango, bai ga wani abin mamaki ba. Ya kai yatsa ya taɓa don ya ji ko yana da tudu, sai yatsan ya bar shaida a tsakiya. Bai yi wani tunani ba, hannunsa ya riga ya tafi aljihun baya. Ya zaɓi gefen tsumman da ya fi tsabta, ya goge a hankali har shaidar ta ɓace, gilashin ya ɗauki wani ƙyalli da ya fi na da. Ya mayar, ya rufe, ya kulle ɗaki. A gida ya gaya wa matarsa cewa yau ya riƙe idon na'urar a hannunsa.

Da safe ɗakin ya cika: Farfesa, Dakta, 'yan kwamiti, Dogo, da wasu malamai da suka zo kallo. Injiniyan ya ɗora faranti, ya rufe ƙofa, ya danna. Kan ya sauko, aka ji tsss, tartsatsi ya zubo ta ƙasa kamar ana zazzage shi. Baba Zarto ya manna goshi a koren gilashin. Babu abin da ya taɓa ƙarfen, amma ga layi yana buɗewa, siriri, yana bin kan duk inda ya nufa.

Bai kai ƙarshen layin farko ba, ƙarar ta canza. Tartsatsin ya daina bi ta ƙasa ya koma fantsama sama, layin ya yi faɗi ya yi baƙi, na'urar ta yi ƙara ta tsaya. Injiniyan ya duba allo, ya duba gas, sannan ya sa safar hannu ya buɗe ɗan murfin nan. Gilashin da ya fito ba shi ne na jiya ba: tsakiyarsa ta ƙone ta yi baƙi, ya tsage har gefe. Ya kai shi hanci, ya ɗago kai, ya tambaya a hankali ko wani ya taɓa wannan.

Baba Zarto ya ce, "Ni ne. Yatsana ya ɓata shi, na goge."

"Da me?"

Ya zaro tsumman ya nuna. Dogo ya buɗe baki zai yi raha, ya dubi fuskar Farfesa, ya mayar ya rufe.

Injiniyan bai ɗaga murya ba. Ya ce gilashin nan ko numfashi ba a so ya taɓa shi. In yana da tsabta, hasken yakan wuce ta cikinsa kamar babu komai. In akwai maiƙo, ko wanda ido ba ya gani, maiƙon sai ya sha hasken ya yi zafi, ya ƙone, ya tafi da gilashin. Ya ce wannan ɗin mai sauƙi ne, akwai wani a jaka, abin tsoron shi ne na samansa, wanda yake tara hasken. Ya leƙa da 'yar fitila, ya daɗe, sannan ya ce hayaƙi ya kai can. Sai an aiko da wani daga kamfani, kuma zai ɗauki makonni.

Sai Baba Zarto ya ji bakinsa yana tambaya, wai me ya sa hasken yake narkar da ƙarfe amma ya bar gilashi, alhali gilashi ya fi ƙarfe rauni.

Farfesa ya ce, "Malam Zarto, ba yanzu ba." Ya miƙa hannu, Baba Zarto ya zare makullin sabon ɗakin daga cikin sauran ya ba shi.

Bayan kwana biyu Farfesa ya kira shi ofis. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya san da kyakkyawar niyya ya yi, kuma ya faɗa wa kwamiti haka. Amma kamfani ya ce ba zai ɗauki asarar irin wannan karo na biyu ba, shi kuma ba zai iya tsayawa gaban kwamiti ya ce a ba da na'urar ga wanda ya ƙona ta tun ranar farko ba. Dogo za a horar. Baba Zarto ya ce gaskiya ne, ranka ya daɗe, ko shi ne a kujerar haka zai yi. Ya sauko ya sami Dogo ya yi masa murna. Dogo ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce wallahi Baba bai so ta zo ta haka ba.

Baba Zarto ya ce, "Ka koya da kyau. In ka iya, ka riƙa ba ni labari."

Makonnin da suka biyo baya, ɗakin injuna ya zama wani iri. Ɗalibi zai kawo zane, Baba Zarto ya karɓa ya yanka ya miƙa masa, ba me zai yi, ba me ya sa. Wasu suka ji daɗi, wasu suka tsaya suna jira a tambaye su, da suka ga shiru suka tafi suna waiwaye. Da yamma yana zagayensa da tsumma, in ya zo ƙofar farin ɗakin sai ya wuce da sauri. A gida matarsa ta gaji da ganinsa zaune yana kallon bango, ta turo masa kekenta ta ce yana mata nauyi a ƙafa, ya duba. Ya ce ta kai wa mai gyara. Ta ce ashe abin ya kai haka. Ta ce shi da ya shekara nawa yana raya ƙarfe, don gilashi ɗaya ya mutu a hannunsa ba zai sa ta zauna da kurma a gida ba. Ya yi murmushi kaɗan.

Kayan suka iso, injiniyan ya dawo ya gyara, ya horar da Dogo ya tafi. Na'urar ta fara aiki sosai. Daga teburinsa Baba Zarto yana jin tsss ɗinta ta bango, har ya fara gane ƙarar faranti mai kauri da ta marar kauri, ko da yake bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya Dakta ta zo da kwali cike da gutsattsarin ƙarfe da na'urar ta yanka, kowanne da alama a jikinsa. Ta ce tana da aiki, kuma aikin haƙuri ne. Tana so a datse kowanne a gicciye, ta yadda za a ga cikin bakin yankan, amma a datse da hannu a hankali, don in ya yi zafi ya lalace. Sannan a goge fuskar da sanfefa, wato takardar yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ta zama madubi. Ta ce ɗalibanta sun gwada, gaggawa ta hana su. Baba Zarto ya ce to. Bai tambayi na mene ne ba, ita ma ta lura, ta tsaya kaɗan, sannan ta tafi.

Ya zauna a kansu. Aikin ya yi masa daɗi, don hannu yana yi kai yana hutawa. Ya datse, ya goge, ya wanke, ya sake gogewa, har ya riƙa ganin ƙwayar idonsa a jikin ƙarfen. Da ya kai mata na farko a ɗakin gwaje-gwaje, ya ajiye zai juya, ta ce ya dakata. Ta ɗiga wani ruwa a fuskar ƙarfen, ƙyallin ya dushe, ta wanke ta busar, ta sa shi ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Ta daidaita, ta ja kujera baya.

"Baba, zo ka gani."

Ya ce hannunsa da maiƙo. Ta ce ido zai sa, ba hannu ba. Ya haɗa hannuwansa a baya, ya sunkuya.

Da farko haske kawai ya gani. Sannan abin ya fito. Ƙarfen da ya sani sumul, ashe a ciki ƙwayoyi ne manne da juna, manya da ƙanana, kowace da iyakarta, kamar bangon da aka gina da duwatsu. Dakta ta matsar da shi a hankali zuwa bakin yankan. Can gab da baki, ƙwayoyin suka canza: suka zama ƙanana, masu tsini, launinsu ya yi duhu, a wani siririn layi da ya bi bakin tun daga sama har ƙasa. A sama layin siriri ne, a ƙasa ya ɗan yi faɗi. Ta ce nan ne iyakar inda zafi ya kai. Ƙarfen wurin bai narke ba, amma ya yi zafi ya huce da sauri, ya ƙara tauri, kuma wani lokaci daga nan tsagewa take farawa in abu ya daɗe yana aiki.

Ya daɗe bai ɗago ba. Duk ƙarfen da ya taɓa yankawa da wuta a rayuwarsa, ashe yana barin irin wannan a ciki, bai sani ba.

Ya ce, har yanzu idonsa yana kan madubin, "Dakta, me ya sa ya fi faɗi a ƙasa?"

Ta ce narkakken ƙarfen ta nan yake gangarawa, yana ɗauke da zafinsa. Ya ce to in an ƙara iskar fa, ta kore shi da sauri, layin zai rage? Ta ce wani lokaci yana ragewa, wani lokaci kuma bakin yakan yi kaushi, ya danganta da gudu da kauri da irin ƙarfen. Ya ce to a wannan ƙarfen, a wannan kaurin, wanne zai faru?

"Ban sani ba, Baba."

Ya ɗago ya dube ta, ya ga ba wasa take yi ba. Ya tambaya Farfesa fa. Ta ce shi ma zato zai yi. Akwai abin da aka rubuta a littattafai, amma a kan irin wannan ƙarfen da masu ƙera kaya na gari suke samu a kasuwa, ba wanda ya zauna ya duba da kyau. Ta ce da an sani, da ba a sayo na'urar ba.

Baba Zarto ya miƙe tsaye sosai. Shi duk zatonsa an sayo ta ne don masu sani su nuna wa marasa sani. Ya sake sunkuyawa ya kalli layin, ya tambaya nawa ne a kwalin aka yanka da iska mai yawa. Ta ce babu, duk matsi ɗaya ne, gudu kawai ta canza. Ya ce to ai da saura. Ta ce da saura da yawa, ita kuma aji yana jiranta, in yana so ya je ya gaya wa Dogo abin da za a yanka, ta amince, muddin abu ɗaya za a canza a bar sauran yadda suke.

Ya sauko ɗakin injuna, ya zaɓi faranti daga cikin na Dakta, ya duba kaurinsa. Ya je ƙofar farin ɗakin ya tsaya daga waje, ya ƙwanƙwasa. Dogo ya leƙo da tabarau a goshi, ya ce lafiya, tsoho.

"Ka yanka mini wannan. Gudun jiya, hasken jiya, amma ka ƙara iska."

"In ƙara kamar yaya?"

"Kaɗan. Sannan ka sake wani ka ƙara fiye da haka. Kada ka haɗa su, ka sa wa kowanne alama."

Dogo ya karɓi farantin yana dariya, ya ce ashe ya yi sabon shugaba bai sani ba, ya tambaya me ake nema.

Baba Zarto ya ce, "In ka yanka, ka zo sama ka gani. Ni ma ban sani ba tukuna."